Ina Agwagin Tafkinmu Suka Tafi?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. A ƙauyenmu da ke gefen Kware akwai ƙaramin tafki. Muna yara, hunturu na shigowa sai ya cika da agwagin ruwa, yanzu kuwa da ƙyar ka ƙirga goma. Wasu na cewa maharba ne suka ƙare su, wasu na cewa canjin yanayi ne. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗana, kowa ya faɗi gaskiya, amma rabi-rabi.

Fara rarrabe baƙin naka. Kirinjijiya da dinya 'yan gida ne, ruwa kawai suke bi daga wannan fadama zuwa waccan. Shamuwa da damina take zuwa, rani na kamawa ta yi kudu. Baƙin hunturu su ne ƙananan agwagin nan da namijinsu ke da farin layi bisa ido. A Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, su iso mana wajen Oktoba, su juya a Maris. Tsakaninmu da gidansu akwai Sahara, sama da kilomita 1,500, ba wurin kiwo. Kafin su tashi dole su tara kitse, kuma da ƙwayar ciyawa da ƙwarin laka na tafki irin naku suke tara shi.

To nan matsalar take. Na tashi a fadamar Rima, na ga farin 1984 da idona: kududdufin bayan gonarmu ya ƙafe tun kafin a gama sussukar gero, laka ta tsattsage har ƙafar akuya na faɗawa. Shekarar ko gashin agwagwa ban tsinta ba. Amma da damina ta gyaru sun dawo, domin fari baƙo ne.

Abin da ba ya tafiya shi ne aikin hannunmu. Tun da aka tare ruwa a Bakolori da Goronyo, malalar da ke cika ƙananan tafkuna ta ragu. Sannan ga injin ban ruwa. Bara na tsaya bakin wani tafki cikin Janairu, na ƙirga inji 7 suna zuƙa zuwa fangalin albasa, ana ta feshin magani har bakin ruwa. Ba na zargin manomi, ni ma kuɗin albasa ne ya kai ni makaranta. Sai dai tafkin da ya saba kai Maris yanzu a Janairu yake mutuwa, gab da lokacin da tsuntsun ya fi bukatarsa.

Maharbi kuwa, ba kisa kaɗai ba ne ɓarnarsa, har da korar da yake yi. Harbi ɗaya, garken ya tashi, ya wuni yana shawagi yana ƙona kitsen tafiya.

Ka samu hakiminku da sarkin ruwa, ku ware kusurwa ɗaya mai zurfi da ba za a sa tiyo ko a yi harbi ba har ƙarshen Maris. Kai kuma ka sayi littafi, duk Juma'a bayan asuba ka ƙirga su, ka rubuto mini abin da ka gani.