Fomula ɗaya, sunaye barkatai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekara ta biyu. A sakandare mun haddace V = IR a darasin fiziks, na ci jarrabawa na manta da ita. Makon jiya malaminmu ya rubuta mana fomular matsin jini a allo, sai na ga kamar ita ce aka sauya wa haruffa. Dace ne, ko akwai dangantaka? Kuma ta yaya haruffa uku za su bayyana abu mai sarƙaƙiya kamar jikin ɗan Adam?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Idonki ya gane miki daidai, kuma wasiƙarki ta faranta mini rai, domin abin da kika hango da kanki shi ne abin da na shafe shekaru ina fafutukar nuna wa ɗalibai a aji.

Fara da ajiye haruffan a gefe. Fomula magana ce da aka taƙaita. Al-Khawarizmi, wanda daga littafinsa aka samo kalmar aljabra, ya yi rubutu a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma da kalmomi ya rubuta lissafinsa kaf, babu alama ko ɗaya. To mu ma mu mayar da V = IR magana. Abin da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 shi ne: yawan lantarkin da ke gudana a waya ya dogara ga ƙarfin turin da ke tsakanin bakunan wayar biyu, da kuma turjiyar da wayar ke yi. Turi ya ƙaru, gudu ya ƙaru. Turjiya ta ƙaru, gudu ya ragu.

Yanzu kawo zuciya wurin. Ita ce mai turi, jijiyoyi su ne waya, jini shi ne abin da ke gudana. Zuciyar baligi, in yana hutawa, tana fitar da kusan lita 5 a minti guda. Matsin jini kuwa shi ne wannan adadi a ninka shi da turjiyar jijiyoyi. In kika riƙe wannan, magungunan hawan jini da ake sa ku haddacewa za su jeru miki da kansu: wasu suna sassauta bugun zuciya, wasu suna buɗe jijiyoyi don turjiya ta ragu, wasu suna rage ruwan jiki ta hanyar fitsari. Kowannensu harafi ɗaya yake taɓawa a cikin ukun nan.

Ruwa ba ya tsami banza, kamannin nan ma yana da asali. Joseph Fourier na Faransa ya bayyana a 1822 cewa zafi yana ratsa ƙarfe gwargwadon bambancin zafin da ke tsakanin gefe da gefe, kuma a kan tunaninsa Ohm ya gina nasa. A 1855 Adolf Fick, masanin aikin jiki, ya ɗauki tsarin nan da gangan ya ɗora a kan yadda gishiri ke bazuwa a ruwa, kuma da dokarsa ake bayyana yadda iskar oksijin ke tsallakawa daga huhu zuwa jini. Shekara guda bayan haka, injiniya Henry Darcy, mai aikin samar wa birnin Dijon ruwa, ya auna yadda ruwa ke bi ta cikin yashi, ya sake iske jimlar nan. Masu haƙar rijiyar burtsatse da masu haƙar mai har yau da ita suke aiki. Duk inda aka sami gefe biyu da ba su daidaita ba, da hanya a tsakaninsu, abu zai kwarara daga mai yawa zuwa mai kaɗan, hanyar kuma za ta yi masa cikas iyakar ƙarfinta.

Akwai wani ƙari da zai yi miki amfani a ɗakin marasa lafiya. Wani likitan Faransa, Poiseuille, ya nuna a shekarun 1840 cewa faɗin bututu ya fi komai tasiri a kan turjiya. In faɗin ya ragu da rabi, gudun ruwa zai koma kashi ɗaya cikin 16. Dalilin ke nan da ake neman kanula mai kauri, wato bututun da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa ko jini, ga wanda jini ya tsinke masa, kuma shi ya sa ɗan tsukewar jijiya ke wahalar da zuciya sosai.

Bari in ba ki jimla ta biyu, wadda ita ce ta fara kama ni. Muna ɗalibai aka ba mu ruwan zafi a kofi, da ma'aunin zafi, da agogo, aka ce mu rubuta zafin kowane minti mu zana layi. A zango na gaba aka ba mu kafasita, wato 'yar na'urar da ke ajiye cajin lantarki, mu auna yadda cajinta ke zubewa. Wata rana ina gyara takarduna sai na haɗa zanen biyu na ɗaga su saitin taga, na ga lanƙwasa iri ɗaya ce: gangara mai tsanani da farko, sannan ta yi ta kwantawa ba ta taɓa ƙasa ba. Ranar ban iya karanta komai ba sai wannan.

Maganar da ke ƙarƙashinta ita ce: abin da ke tafiya ya danganta da abin da ya rage. A ce ɗaki yana kan digiri 30, ruwa yana kan 90, bambanci 60 ke nan. In cikin minti goma bambancin ya koma 30, cikin wasu goman zai koma 15, sannan bakwai da rabi. Lokacin da ake ɗauka kafin rabi ya tafi ba ya sauyawa, sai mu kira shi wa'adin rabi. Na farasitamol a jikin baligi mai lafiya kusan awa 2 zuwa 3 ne. Bayan wa'adi biyar, kashi ɗaya cikin 32 ne kawai ya saura, wato wajen kashi 3 cikin ɗari, kuma daga irin wannan lissafi ake tsara tazarar da ke tsakanin shan magani. Na sinadarin kabon-14 kuwa shekara 5,730 ne, kuma da shi Willard Libby ya samo hanyar gane shekarun tsohon ƙashi ko gawayi, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Ki juya jimlar ta koma ƙaruwa, sai ki sami yaɗuwar ƙwayoyin cuta da farkon ɓarkewar annoba.

Sai tambayarki ta biyu, kuma a nan nake so ki natsu. Haruffa uku ba su bayyana jiki duka. Suna kama abu ɗaya da ya fi rinjaye, su bar sauran, kuma suna da iyakar da in an wuce ta sai su daina faɗin gaskiya. Ƙwayar cutar E. coli tana iya rabuwa biyu duk minti 20 in ta sami yadda take so. In kika bi fomula ido rufe, cikin kwana biyu zuriyar ƙwaya ɗaya za ta fi duniyar nan nauyi. Hakan bai taɓa faruwa ba, saboda abinci yana ƙare mata, dattinta kuma yana kashe ta. Wannan giɓi ne Pierre Verhulst ya toshe a 1838, ya ƙara wa jimlar sharaɗin cewa ƙaruwa tana ja da baya yayin da wuri ke cika.

A aikinki iyakar nan tana iya zama batun rai. Maganin farfaɗiya mai suna fenitoyin yana kai matakin da hanta ba ta iya ƙara saurin sarrafa shi, daga nan ɗan ƙari kaɗan sai ya taru a jini fiye da kima, shi ya sa ake auna yawansa a jinin mai shan sa. Jijiya ma ba waya ba ce, tana buɗewa tana tsukewa da kanta, jini kuma yana tafiya ne bugu-bugu. Don haka duk fomular da aka rubuta muku, ki faɗe ta da bakinki cikin Hausa tukuna, sannan ki ɗaga hannu ki tambayi malamin a wane hali take daina aiki. Allah Ya ba da sa'ar karatu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na raka ƙanena ɗaukar hoton ƙashi, sai ma'aikacin ya ce in matsa baya taku kaɗan. Taku biyu ko uku me za su hana?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Suna hana abu mai yawa, domin da haske mai ratsa jiki ake ɗaukar hoton, kuma shi ake so a rage maka. Hasken da ya fito daga wuri guda yana bazuwa ta kowace fuska, kamar a bayan ƙwallon da ke ta kumbura. In nisa ya ninka biyu, faɗin bayan ƙwallon yana ninka huɗu, sai rabonka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Wannan lissafi ne Newton ya rubuta a 1687 game da jan da rana ke yi wa duniyoyi, Coulomb kuma ya auna shi a 1785 tsakanin caji biyu na lantarki, kuma kana iya gwada shi yau da dare da ƙwan fitila da farar takarda. In kana mita ɗaya daga gadon ka koma mita uku, kusan kashi ɗaya cikin tara na hasken da ke fantsamowa ne zai same ka. In kuma akwai katangar kariya ko rigar dalma, ka yi amfani da su duk da haka.