Kada ki jira yaye kafin ki je gwajin bakin mahaifa

Assalamu alaikum, ƙanwata. Kin ce shekarunki 36, haihuwarki biyar, kuma ranar da kika kai autanki mai wata bakwai allurar rigakafi ungozoma ta ba ki shawarar yin gwajin bakin mahaifa, wanda ake yi don a tare sankara kafin ta kama. Ke kuwa ba ki jin ciwon komai, ga nauyin buɗe jiki, ga fargabar abin da za a gano, shi ya sa kike tambaya ko akwai laifi idan kika bari sai kin yaye yaron. Ni malamar makaranta ce, na yi wannan gwaji sau uku, na kuma yi jinyar wadda ba ta taɓa jin labarinsa ba har ciwon ya ci ƙarfinta, don haka abin da idona ya gani da abin da ma'aikatan lafiya suka karantar da ni zan faɗa miki.

Shawarata ita ce ki je cikin wannan watan. Shayarwa ba ta hana gwajin, kuma kin daɗe da gama wankan jego. Lafiyar nan da kike ji, wadda kika ɗauka hujjar jinkiri, ita ce ainihin dalilin da ya sa ungozomar ta zaɓi yi miki magana yanzu, domin masu lafiya aka tanadar wa wannan gwaji. Sankarar bakin mahaifa tana samo asali ne daga ƙwayar cutar da ake kira HPV, wadda take da nau'o'i masu yawa, amma biyu daga cikinsu, na 16 da na 18, su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Yawancin matan da suka kamu da ƙwayar jikinsu ne ke kawar da ita da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da sun sani ba. A jikin wasu kuwa takan zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, kuma wannan sauyin yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama sankara, ko shekara 5 zuwa 10 ga wadda garkuwar jikinta ta yi rauni. A duk tsawon waɗannan shekarun babu zafi, babu jini, babu wari. Mace tana girkinta, tana haihuwarta, tana zuwa biki da suna. Wannan tazarar ita ce rahamar da ke cikin lamarin, domin yawancin abin da aka gano a cikinta ana magance shi a zama ɗaya, alhali wadda ta jira sai alamomi sun bayyana sau da yawa ciwon ya riga ya yi nisa.

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ta shekara huɗu da daina al'ada sai jini ya dawo mata kaɗan-kaɗan. Abin da ya fara damunta shi ne sallarta, don haka ta aika aka tambayar mata hukunci, aka ce jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta ci gaba da ibadarta. Amsar daidai ce a fannin fiƙihu, ba ni da ja a kanta, amma har yau ina tunanin yadda dukkanmu muka ji kalmar "ciwo" a cikin sunan jinin, ba wanda ya ce to a je a ga wane ciwo ne. Da ruwa mai wari ya biyo baya sai aka ce sanyi ne, kamar yadda muke kiran kusan duk abin da ya shafi gaban mace, aka shiga jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis. Ta fi shekara a haka, tana ƙara turaren wuta a ɗakinta, tana ja da baya daga zaman tsakar gida, mu kuma muna cewa tsufa ne ya sa ta son kaɗaici. Ranar da jini ya ɓalle mata har ta faɗi muka kai ta asibiti, likitan da ya duba ta ya ce ciwon ya wuce bakin mahaifa ya taɓa mafitsara. An yi mata gashi da na'ura a wani gari mai nisa da namu, an sayar da gonarta da shanu biyu, ta yi wata goma sha ɗaya tana fama, sannan Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara. Daga baya na ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu, sai na fahimci cewa abin da ya faru a gidanmu yana faruwa a gidaje da yawa, ana rufe shi da sunan "ciwon ciki" ko "doguwar jinya".

Bayan rasuwarta ma sai da na yi wata shida ina ɗaga ranar zuwa, yau in ce sai an gama jarrabawa, gobe in ce sai bayan Sallah, don haka ba na ganin laifinki ko kaɗan. Da na je, mace ce ta karɓe ni a ɗaki mai labule, kuma kafin ta taɓa ni sai da ta nuna mini kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Kwanciyar irin ta awon ciki ce. Ana sanya wani ɗan abu mai kama da bakin agwagwa domin a ga bakin mahaifa sosai, sai a shafa ruwan khal da aka tsarma, a jira minti ɗaya, a haska da fitila. Wurin da ya fara sauyawa yakan yi fari. Wannan shi ne gwajin da suke kira VIA, kuma abin da na ji bai wuce sanyin ƙarfe da ɗan raɗaɗi kaɗan ba. Wadda ta haihu biyar ta ga abin da ya ninka wannan sau ɗari.

A nawa gwajin na farko an ga farin tabo. Gabana ya faɗi ƙwarai, na fara salati, tunanina ya tafi kan gwaggo da kan yarana. Ma'aikaciyar ta dafa ni ta ce, "Hajiya, wannan ba sankara ba ce, abin da muke nema ke nan mu tare shi kafin ya zama ita." A ranar aka ƙone wurin da wata 'yar na'ura mai zafi, abin bai ɗauki lokaci ba, na ji murɗawar mara irin ta al'ada, na tashi na hau adaidaita sahu na koma gida da ƙafafuna. Na yi 'yan makonni ina ganin ruwa-ruwa, an kuma ce mu ƙaurace wa shimfiɗa har mako huɗu. Da na koma bayan shekara guda aka ce wurin ya warke sarai. Ba a cire mini mahaifa ba, kuma bayan haka na haifi 'yar autata. Na faɗi wannan ne saboda na san abin da ke zukatanmu, cewa da zarar an taɓa mahaifa haihuwa ta tsaya, alhali jinkiri ne yake kai mace ga aikin da za a cire mahaifar ɗungurungum.

Akwai kuma gwajin Pap, inda ake ɗebo ɗan abu daga bakin mahaifa a kai ɗakin bincike, da gwajin neman ƙwayar HPV kanta, wanda shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi fifitawa, kuma a wuraren da ake yinsa mace tana iya ɗebo samfurin da hannunta a keɓe. Hukumar ta ba da shawarar a fara daga shekara 30, a maimaita gwajin HPV duk bayan shekara 5 zuwa 10, na VIA ko Pap kuma duk bayan shekara 3. Mace mai ɗauke da HIV za ta fara daga shekara 25, ta kuma riƙa yi akai-akai, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Ke da kike da 36 kin ga lokacinki ya riga ya yi.

Maganar da ta fi wuya ita ce ta maigida da ta zargi, kuma ina so ki saurare ni da kyau a nan. Gaskiya ne ta hanyar saduwa ake ɗaukar HPV, amma ƙwaya ce da ta yaɗu sosai har yawancin masu aure sukan gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu, namiji yana iya ɗauke da ita bai sani ba, kuma tana iya kwanciya shekara da shekaru kafin a gan ta. A al'ummar da mace kan yi aure biyu ko uku, namiji kuma yana da mata fiye da ɗaya ko ya auri bazawara, duk ta hanyar halal, babu mai iya cewa ga daga inda ta zo, kuma sakamakon gwaji ba shaida ba ce a kan mutuncin kowa. Ni da zan gaya wa nawa maigidan, ban shiga dogon bayanin ƙwayar cuta ba. Na ce masa, "Alhaji, ka ga yadda gwaggo ta ƙare, akwai awon da ake yi don kada a kai ga haka, ina so ka ba ni izini in je." Shi ya ba ni kuɗin, kuma abin da na biya bai kai kuɗin turmin atamfa ba. Daga baya abokiyar zamana ma ta je, tare muka tafi.

Idan kina da 'ya mace tsakanin shekara 9 zuwa 14, ki tambayi ungozomar nan batun allurar HPV, wadda Nijeriya ta shigar cikin jerin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, kyauta, kuma sau ɗaya ake yi. Na ji jita-jitar cewa tana hana haihuwa, irin wadda muka sha ji a kan allurar shan inna, amma ƙasashe sun fara amfani da ita tun 2006, kuma da yawa daga cikin 'yan matan da aka yi wa a lokacin yau iyaye ne. Ni na kai tawa. Sai dai allurar ba ta ɗauke wa irinmu gwaji ba, don ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga jiki.

Ki koma wurin ungozomar da ta yi miki magana, ki tambaye ta ranar da suke yi, idan kuma ba sa yi a nan ta rubuta miki takardar zuwa babban asibiti, sashen mata. Ki zaɓi lokacin da ba ki cikin al'ada, ki nemi mace ta duba ki idan hakan zai kwantar miki da hankali, domin haƙƙinki ne ki nema, ki kuma tafi da 'yar'uwa da za ta riƙe miki yaron. Kada ki baro wurin sai kin ji sakamakon ko an faɗa miki ranar karɓarsa, sannan a rubuta miki ranar komawa a katinki. Idan kuwa akwai abin da ba ki ambata a tambayarki ba, kamar ganin jini bayan saduwa, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, to wannan ya wuce jiran ranar gwaji, likitan mata za ki gani cikin makon nan, ki kuma faɗa masa komai yadda yake.