Ku Tambayi Mama: Ina Bakin Zaren Littafi Mai Tsarki?

Tambaya: Mama, barka da aiki. Bara aka yi mini baftisma. Da shigowar sabuwar shekara na ƙudurta karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Farawa ta tafi da ni lafiya, Fitowa ma haka, amma ina shiga Littafin Firistoci sai na kakare: hadayu, kitse, kuturta, naman da ake ci da wanda ba a ci. Me ya haɗa wannan da Yesun da na karɓa? Daga wata 'yarki mai ɗinki, unguwar Birget.

Tambaya: Mama, ni dattijon ikkilisiya ne, na haura shekara talatin cikin bi. Labarin Yusufu da na Daniyel a ramin zakoki duk na san su. Amma jikana ya tambaye ni wa ya riga wani tsakanin Daniyel da Nehemiya, sai na bushe da dariya don in rufe kunyata. Daga wani dattijo, Sabon Gari.

Amsa: 'Yata, Baba, na haɗa wasiƙunku wuri guda domin ciwonku ɗaya ne, maganin kuma yana shafin da kusan kowa ke tsallakewa. Ku buɗe Matiyu sura 1, aya 1 zuwa 17. Jerin sunaye ne, wane ya haifi wane. Ba Bakano ne zai raina jerin sunaye ba: idan maroƙi ya fara zano sarakuna tun daga Bagauda, tarihin gari yake ba ka a dunƙule. Haka Matiyu ya yi. A aya 17 ya yanka labarin gida uku da kansa: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa kwashe jama'a bauta Babila, daga Babila zuwa Almasihu. Wanda ya riƙe waɗannan tashoshi ba zai ɓata cikin littattafai 39 na Tsohon Alkawari ba.

Me ya sa Ibrahim? Surori 11 na farkon Farawa labarin ɓaci ne. Allah ya yi duniya da kyau, mutum ya tayar, aka fitar da shi daga gonar Aidan, Kayinu ya kashe ƙanensa, aka yi ruwan tufana, aka warwatse a hasumiyar Babel. Sai a sura 12 Allah ya kira mutum ɗaya, ya yi masa alkawarin ƙasa, da zuriya, da cewa ta wurinsa dukan kabilun duniya za su sami albarka. Bakin zaren ke nan. Duk abin da ya biyo baya, tambaya ɗaya yake amsawa: ta yaya wannan alkawari zai cika, alhali waɗanda aka yi wa shi ba sa riƙe amana?

Tashar Dawuda tana 2 Sama'ila 7. Dawuda ya so gina wa Allah ɗaki, Allah ya ce a'a, ni ne zan kafa maka gida, gadon sarautarka kuma zai dawwama. Alkawarin ya taso daga al'umma ya sauka kan gida ɗaya. Amma bayan Sulemanu mulki ya tsage biyu. Assuriyawa suka cinye Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu, Babilawa kuma suka ƙone Urushalima da Haikali wajen 586. Babu sarki, babu ƙasa, babu bagade.

A nan nake so Baba ya dakata. Duba ayoyi huɗu na ƙarshen 2 Sarakuna. Yekoniya, sarkin Yahuza da aka kwashe, ya shekara 37 a hannun Babilawa. Sabon sarkin Babila ya hau, ya fito da shi daga kurkuku, ya tuɓe kayan fursuna, ya riƙa cin abinci a teburin sarki har ƙarshen ransa. Littafin ya rufe a nan. Mai karatu zai ce, to ina ruwana da tuwon wani tsohon fursuna? Koma Matiyu 1:12, ga Yekoniya nan, ga jikansa Zarubabel wanda ya jagoranci sake gina Haikali bayan Sairus na Farisa ya ba da izinin komawa a 538. Zuriyar Dawuda ta yi siriri, amma ba ta tsinke ba. A cikin wannan baƙin lokaci ne Irmiya (31:31-34) ya yi maganar sabon alkawari da za a rubuta a zuciya, a kuma gafarta zunubi, wanda Yesu ya ambata sa'ad da ya ɗauki ƙoƙo daren da aka bashe shi.

Amsar jikanka, Baba: Daniyel ya riga. Yana saurayi aka kai shi Babila a zamanin Nebukadnezzar, Nehemiya kuwa ya je gina garun Urushalima wajen 445, fiye da shekara ɗari da hamsin bayan haka. Abin da ya rikita ka shi ne littafin Nehemiya yana gaba da na Daniyel a shafi. Ba a jera littattafan bisa zamani ba, an jera su bisa iri: Attaura, tarihi, waƙoƙi da hikima, sannan annabawa. Saboda haka kowane annabi sai ka mayar da shi mazauninsa. Amos da Yusha'u na zamanin Yerobowam na biyu ne, a 2 Sarakuna 14. Ishaya yana tare da Hezekiya a 2 Sarakuna 19 da 20. Haggai da Zakariya suna Ezra 5. In kuma jikan naka mai ƙwaƙwa ne, wata rana zai gano Matiyu ya tsallake sarakuna uku tsakanin Yoram da Azariya. Kada gabanka ya faɗi. Jeri ne da aka tsara sha huɗu-sha huɗu don a haddace, ba ƙidayar jama'a ba.

Ke kuma 'yata, kada ki ji kunya, malaman makarantar Lahadi da yawa a Firistoci nasu karatun ya tsaya. Ki lura da inda littafin ya zauna. A ƙarshen Fitowa an gama alfarwa ta sujada, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta, har Musa ya kasa shiga. Allah mai tsarki ya sauka tsakiyar zangon masu zunubi, to yaya za a zauna tare? Littafin Firistoci ne amsar. Ki karanta sura 16 kawai tukuna, ranar kafara. Bunsuru biyu ne. Ɗaya a yanka, babban firist ya shiga da jinin bayan labule, sau ɗaya a shekara. Ɗayan ya ɗora hannu biyu a kansa, ya hurta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Daga nan ki wuce zuwa Ibraniyawa 9 da 10, inda aka ce Yesu ya shiga sau ɗaya tak da jininsa na kansa. Sai ki ga dalilin da labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa sa'ad da ya mutu.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a jerin nan na Matiyu. Rahab ta Yariko tana ciki, Rut mutuniyar Mowab tana ciki, ba kuwa Isra'ilawa ba ne. Matiyun da ya buɗe da Ibrahim ya rufe da umarnin a almajirtar da dukan al'ummai, Wahayin Yahaya 7:9 kuma ya nuna taro daga kowace kabila da harshe. Sa'ad da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan aikin Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa, ni a ganina wani yanki ne na Farawa 12 ya iso ƙofarmu.

Ba na goyon bayan a danƙa wa sabon mai bi surori 1,189 a ce ya kama daga farko ya nausa. Ki fara da Luka da Ayyukan Manzanni. Sannan ki koma Farawa, Fitowa, Ƙidaya, Joshuwa, Mahukunta, Sama'ila, Sarakuna, Ezra da Nehemiya, su ne ke ɗauke da tafiyar labarin. Sauran za su sami wurinsu daga baya. Baba kuwa, ka zaunar da yaron ku karanta Nehemiya 9 da wa'azin Bulus a Ayyukan Manzanni 13:16-41, ka ba shi takarda ya rubuta sunayen da ya ji bi da bi, sannan ku gwada su da jerin Matiyu.