Hukuncin finafinan soyayyar aljani da abin da 'yan kallo ke furtawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka. Daga Rigasa nake. Ƙanwata da ƙawayenta sun ɗauki ransu sun ɗora a kan wasu gajerun finafinai na waya, inda aljani ko maye ke soyayya da 'yar mutane. Sun rabu gida biyu suna zage-zage, suna tsine wa wadda ta fito a muguwa, wata ma cewa take yi Allah ya ba ta miji irin jarumin. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ƙagaggen labari a kan kansa ba haram ba ne matuƙar mai ji ya san ƙagawa aka yi. Da tatsuniyar Gizo da Dodo muka tashi, kuma a zaurukan Kaduna da Zariya har gobe ana karanta Maƙamatul Hariri, wanda labaransa ƙirƙirarru ne. Hukunci yana bin abin da labarin ya ɗauko.

Waɗannan kuwa, irin na manhajojin ReelShort da DramaBox da ake yayyankowa a TikTok, mafi yawansu tsiraici ne da rungume-rungume, alhali Suratun Nur aya ta 30 da 31 ta umarci maza da mata su runtse ido. Sannan sukan mayar da mai sihiri gwarzo, shi ne kyakkyawa, shi ne mai ceto, ga shi Annabi (SAW) ya lissafa sihiri cikin zunubai bakwai masu halakarwa a hadisin Bukhari da Muslim. Duk wanda ya ƙunshi haka, kallonsa bai halatta ba, kuɗin da ake biya a buɗe ci gabansa kuma almubazzaranci ne. Da gangan ake yanke kowace fitowa, mai minti ɗaya ko biyu, a daidai inda rai ya tsaya. Haka Asuba ke kuɓuce wa mutum.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki shi ne addu'ar nan. Za a ce wasa take yi. To, Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mummunar addu'a, kada mu dace da sa'ar da ake amsawa. Yarinyar da gobe za a kawo wa masu ruƙiyya ana cewa namijin dare ya hana ta aure, yau da bakinta take roƙon miji aljani! Allah ya ce a Suratur Rum aya ta 21 daga jinsinmu ya halitta mana abokan zama, a Suratul Jinn aya ta 6 kuma ya ce masu neman tsarin aljanu wahala kawai aka ƙara musu. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik auren aljani, ya ƙi shi don kada mace ta yi ciki ta ce na aljani ne, ɓarna ta yawaita. In kyan fuskar ɗan wasan take nufi, wannan ma sha'awar namijin da ba muharraminta ba ce aka sa wa rigar addu'a. Ta yi istigfari, ta roƙi miji salihi.

Tsinuwa kuma, wadda ta fito a muguwa mutum ce ta gaske, aiki aka ba ta ta yi. Tirmizi ya ruwaito cewa mumini ba mai yawan suka ba ne, ba mai yawan la'anta ba. Gaba da ƙawa fiye da kwana uku haramun ce ko a kan abin gaske, balle a kan aljanin da wani ya zauna ya rubuta.

Ke kuma kada ki fara da ƙwace waya ko tona ƙanwarki a gaban jama'a, ɓoyewa kawai za ta koma yi. Ki keɓe da ita ki karanta mata waɗannan ayoyi, ta goge manhajar da hannunta, ta fita daga zauren ƙawayen in ba su daina ba. In ta ƙi, ki sanar da mahaifanku. Wallahu a'alam.