Asalin haɗa muryoyi a kiɗan Turawa

Ɗan uwa da ka tambaya wai ya aka yi mawaƙan coci kowa da muryar da yake bi amma sai ka ji sun haɗu kamar abu ɗaya, to shi ne Turawa ke kira hamoni, kuma abin ya daɗe.

Da can a cocin Turai murya ɗaya kowa ke bi, sai wajen ƙarni na 9 aka fara ɗora ta biyu a kan ta farko suna tafiya tare da 'yar tazara, ana ce masa organum. Tazarar nan ba da ka ake zaɓarta ba fa, tun zamanin Girkawa an gane in ka danne tsirkiya daidai tsakiya sautin farkon ne zai dawo amma a sama, tazarar da ake ce wa 2 bisa 1 kenan, in kashi biyu cikin uku ka bari ya kaɗa sai ka samu 3 bisa 2, kunne na son su sosai. Ɗauki jita ka gwada.

Wajen 1200 a cocin Notre Dame na Faris, wani mai tsara waƙa da ake kira Perotin ya kai muryoyi har huɗu. Amma ni a ganina Rameau ne, wani Bafaranshe, ya zaunar da maganar a littafinsa na 1722, ya ce sautuka ukun nan da ake bugawa tare, do-mi-so, ko ka juya su mi-so-do tushensu ɗaya, do. Masu kibod da wannan suke cin abinci yau wallahi, ko sunansa ba su taɓa ji ba.