Amsa: wai da gaske kiɗa na taimakon yaran Falasɗinu da ke sansani?

Ƴar uwa, kin tambaya ko wannan maganin da ake yi wa yaran ƴan gudun hijirar Falasɗinu da kiɗa yana aiki ko ɓata lokaci ne. Wallahi yana aiki. Yaron da ya saba da ƙarar bam da jirgin yaƙi, ya ga an kashe nasa, sau da yawa bakinsa mutuwa yake, ba ya iya faɗin abin da ke ransa, sai firgita cikin barci da fitsarin kwance da fushi ba dalili. To idan aka ba shi ƴar ganga ya buga a hankali tare da sauran yara, numfashinsa na daidaita, zuciyarsa ta daina bugawa da sauri, kuma ya ji ba shi kaɗai ba ne.

Ki duba Ramzi Aburedwan, a sansanin Al-Amari kusa da Ramallah ya tashi, yana yaro yana jifan sojojin Isra'ila da dutse, daga baya ya koyi kiɗa ya kafa ƙungiyar koyar da kiɗa mai suna Al Kamandjati a 2002, suna koyar da yara har a sansanonin Lebanon irin su Shatila. Amma fa yaron da abin ya yi wa tsanani dole sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, Allah ya kawo musu sauƙi.