Amsa: Gidan Hardwick da ma'anar "mataki na ɗaya"

Malam, ka tambaya ko sa tsohon gida a jerin gine-ginen tarihi na Ingila yana nufin gwamnati ta ƙwace shi. A'a, yana nan hannun mai shi. Abin da ya rasa shi ne ikon taɓa ginin yadda ya ga dama. Ko taga zai sauya, sai ƙaramar hukuma ta ba shi izini, in kuwa ya yi gaban kansa, kotu za ta kira shi. Hukumar Historic England ce ke riƙe da jerin, matakai uku ne, na ɗaya kuma na gine-ginen da suka fi daraja ne.

Hardwick Hall da ka ambata, a yankin Derbyshire, yana mataki na ɗaya. Wata attajira, Bess ta Hardwick, ta gina shi tsakanin 1590 da 1597, Robert Smythson ya zana shi. Dubi tagoginsa da kyau: kowane bene ka hau, tagar ta fi ta ƙasa tsawo, domin ɗakunan manyan baƙi a can sama suke. Gilashi a lokacin kayan masu hannu da shuni ne, ita kuwa ta lulluɓe bango da shi. A ganina nuna arziki ne tsagwaronsa, tunda har haruffan farko na sunanta, E da S (wato Elizabeth Shrewsbury), ta sa aka sassaƙa a kan hasumiyoyin gidan.

Shi dai wannan gidan, harajin gado ne ya raba magada da shi. Tun 1959 National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ke kula da shi.